Ƙasari a Ramin Aradu

Sabon Gari, Jega,
Jihar Kebbi.
17 ga Mayu, 1993.

Zuwa ga ƙanena Waliyyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da addu'ar alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Raihanatu, kamar yadda muke a nan. Allah Ya ƙara maka buɗi a wurin aiki, Ya tsare ku daga sharrin mutum da na ruwa, tunda an ce ku a Fatakwal sama ba ta san hutu ba. Takardarka ta iso tun cikin azumi, na kuwa san na yi laifi da ban amsa da wuri ba. Asabar ɗin nan da ta wuce na je Aliero na duba Inna. Ƙafar ta yi sauƙi sosai, har tana fitowa tsakar gida ta yi faɗa da kaji da kanta. Na nuna mata hoton da kuka aiko, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce ka rame, kuma ita ba ta ga laifin kowa ba sai na kifin teku. 'Yarka Khairiyya tana aji huɗu, ta fara gyara mini Turanci a gaban mutane. Haidar kuma haƙoransa biyu na gaba sun fita, ya daina dariya in an yi baƙi.

Yanzu ka gyara zama, domin abin da ya hana ni rubutu shi zan ba ka labari, kuma gara ka ji daga bakina kafin direbobin albasa su kawo maka shi da ƙari. Ka san tun da aka yanke mana jiha aka turo su Baban Haidar daga Sakkwato, gidan zama ya zama abin nema ruwa a jallo. A Birnin Kebbi ko ɗakin ajiye gawayi ka samu sai ka yi sadaka. Har yau akwai abokan aikinsa da ke kwana a ofis, su naɗe tabarma da safe su tura bayan kabad, iyalinsu kuwa suna ƙauye. Mu Allah Ya rufa mana asiri muka samu hawa na uku a benen Alhaji Ladan, wani attajirin albasa mutumin Sabiyal, a nan Sabon Gari. Ƙasan benen rumbun albasarsa ne, hawa na biyu wani malamin kimiyya ne mai suna Amos da matarsa Victoria, mu kuma muna can sama kusa da shirwa. Baban Haidar kan bi mota da sassafe zuwa Birnin Kebbi ya dawo da la'asar. Ni kuma ina da ɗakina, da madafina, da baranda mai iska, ina rufe ƙofata in buɗe lokacin da na ga dama. Shekara goma sha ɗaya da aure ban taɓa samun haka ba sai a nan.

To, ana zaune lafiya sai maigidan ya je Sakkwato ya dawo da satalayit a bayan akori-kura. Waliyyu, ka san yayan naka da son labarin duniya, mutumin da ke cin tuwo da rediyo a kunne. Abin nan wani ƙaton faifai ne na ƙarfe mai huji-huji, wanda in ka kifa shi zai rufe mutum huɗu suna zaune. Sai da aka tara majiya ƙarfi aka ja shi da igiya aka ɗaure a barandata, rabinsa ya leƙa waje yana kallon sama, ya cinye mini fiye da rabin wurin shan iska. Ba zan yi ƙarya ba, abin yana aiki. Muna zaune a Jega muna ganin Larabawa suna karanta labarai, muna ganin Turawa suna gudu a kan ƙanƙara ba wanda ya kore su. Maigidan ya zama sarkin hira a unguwa. In ya sauko sallar magariba ba ya dawowa sai ya gama bayyana wa mutane abin da ke faruwa a ƙasashen da ko sunansu ba su iya faɗa ba.

Mutum ɗaya ne bai yi murna ba, shi ne mai benen. Alhaji Ladan ya ce tun yana saurayi a Sabiyal ya ga aradu ta raba itacen gawo biyu saboda galmar da aka rataye a jikinsa, kuma tun ranar ko allura ba ya riƙewa in hadari ya taso. Da zafi ya tsananta, gajimare ya fara leƙowa daga gabas, sai ya tare Baban Haidar a ƙofar rumbu, a gaban masu jakuna da masu ɗinkin buhu, ya ce masa, "Malam, wagga rariya taka kiran aradu takai. Ƙarhe na, kuma ta ɗara kowane icce tsawo garinga. Albasata ta shekara tana ƙasanta. In ba ka sauke ta ba kahin ruwan hwari, ku nemi wani gida." Da a gefe ya ja shi ya faɗa masa, na tabbata da an daidaita. Amma a gaban jama'a ne, jama'ar da jiya-jiya yake koya wa labarin duniya. Sai yayan naka ya cire hula ya mayar, ya ce wallahi tallahi hannunsa ba zai sauke ta ba, bakinsa kuma ba zai ce a sauke ta ba. Victoria ce ta hau da gudu ta gaya mini, ina cikin tankaɗe.

A ranar abinci bai shiga cikina ba. Na tambayi maigidan, to in an kore mu ina muka nufa? Ya amsa mini hankali kwance, wai shi zai bi sahun masu tabarma a ofis, ni da yara kuma mu koma Maiyama gidansu kafin Allah Ya kawo wani gidan. Kada ka ce ina ƙin mutanen Maiyama, wallahi ba su taɓa yi mini komai ba sai alheri. Amma gida ne na mutum talatin da tukunya ɗaya, in ka yi tari a ɗaki sai an aiko a ji ko lafiya. Kuma wani gidan da yake faɗa, ni da shi mun san babu shi, mai yiwuwa sai bayan shekaru. Ga karatun Khairiyya da ya fara kyau. Ga shi kansa, mutumin da bai san inda ake ajiye cokali ba, a ce yana kwana a kan siminti yana cin abincin tasha. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji haushinsa, har na kwana biyu ina ba shi amsa da ka kawai.

Amos ne Allah Ya turo ya shiga tsakani. Mutum ne mai sanyin magana, Hausarsa ta Jos, in yana bayani sai ka ga kamar allo na gabansa. Ya zaunar da su biyun a kan buhunan albasa ya ce Alhaji yana da gaskiya, ƙarfe a wuri mai tsawo abin tsoro ne, amma akwai abin da ake yi. Ya ce aradu kamar ruwan sama take a kan soro, in ba ka yi mata indararo ba za ta nemi hanyarta ta cikin ɗakinka. Indararonta kuwa waya ce mai kauri ta jan ƙarfe. A kankare fenti a ƙafar satalayit a ɗaure ta da noti tamau, a sauko da ita miƙe a jikin bango, kada ta lanƙwashe, kada ta taɓa ƙarfen baranda. A gindin bene a haƙa rami, a kafa sandar jan ƙarfe da ta fi mutum tsawo, a ɗaura wayar a kanta, a zuba gawayi da gishiri a mayar da ƙasa, a riƙa ba wurin ruwa bokiti guda kullum har damina ta sauka, domin busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta. Ya ƙara da cewa a zura ƙasan wayar cikin bututu, a rufe ramin da murfin siminti, kuma ko an yi duk wannan, in hadari ya taso a zare wayoyin talabijin. Maganar indararo ta shiga kan Alhaji. Ya ce ya yarda, da sharaɗi ɗaya: ranar da hadarin fari ya haɗu zai zo da mai unguwa su duba da idonsu. In waya na nan daram daga sama har ƙasa, mu zauna. In babu, magana ta ƙare.

Aka yi aiki kuwa, kwana biyu ana haƙa ana bugu. Amma ka san maigidan, abu ba ya wucewa ta hannunsa bai sa masa nasa ba. Bututu da murfin siminti ya ce wannan ado ne kawai, a bari sai bayan Babbar Sallah. Gishiri kuma, Amos ya ce kwano biyu ko uku sun isa. Maigidan kuwa ya ce in kwano uku maganin aradu ɗaya ne, to shi na aradu goma yake so. Ya shiga kasuwa ya wuce masu gishirin miya, ya zarce layin dabbobi, ya dawo da kantu biyu na gishirin Balma, irin wanda ake ajiye wa shanu su lasa, wai ya fi auki. Aka farfasa aka zuba. Amos yana makaranta lokacin, da ya dawo an riga an mayar da ƙasa an tattake. Da aka gama, maigidan ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon wayarsa tana sheƙi a rana, sannan ya ɗaga kai ya sanar da ni cewa ban-ruwan nawa ne, tunda ramin daidai ƙarƙashin barandata yake.

A nan ne nawa laifin ya shigo, kuma ina so ka yi mini adalci. Ruwa ba ya hawa bene da ƙafarsa. Mai garuwa ɗaya ne a duk Sabon Gari ya yarda da matakalarmu, shi ma sai ya huta sau biyu, in ya iso yana dubana kamar ni na gina gidan. A ce ruwan da aka hau da shi da wannan wahala in ɗauki bokiti guda fes in sheƙa wa ƙasa? Kwana uku na yi, zuciyata ta ƙi. A rana ta huɗu na wanke surfen gero, ga ƙasari cike da bokiti, fari tas, ina tunanin inda zan kai shi tunda ba ni da ko tunkiya. Sai na ce wa kaina, ai jiƙa aka ce, ba a ce da wane ruwa ba, kuma sandar ƙarfe ba ta da harshe. Na leƙa na ga ba kowa, na tuntsurar. Daga ranar kullum bayan azahar ramin aradu yana shan ƙasarinsa, ni kuma ina yaba wa kaina dabara. Ni da aka haifa a Aliero, na tashi ina kai wa awakin Inna ƙasari da gishiri a kwatarniya, wai ban tuna abin da na haɗa ba.

Wata baƙar akuya mai yankakken kunne ce ta fara ganowa. Washegari ta zo da 'yan'uwanta. Kafin mako ya zagayo awakin unguwa sun san lokacina fiye da agogo, da na leƙo da bokiti sai su ɗaga kai gaba ɗaya su yi ta kuka kamar ni na haife su. Sai jakunan da ke kawo albasa suka shiga layi. A sauke musu kaya, maimakon su juya gida sai su nufi gindin bango su kafa baki, ana dukansu suna lasa. A can kusurwar fili kuma akwai wani jan sa na Bararoji mai dogayen ƙahoni, wanda Alhaji ya turke tun kaka yana kiwo domin kasuwar Sallah. Shi ba ya iya isowa, sai dai ya miƙa wuya iyakar igiya yana huci. Maigidan da ya ga taron dabbobi sai abin ya burge shi. Da kunnena na ji yana gaya wa baƙi a falo cewa iskar tauraron ɗan Adam ce ke saukowa ta waya dabbobi suke ji a jikinsu, wai a ƙasashen Turai an daɗe da sanin haka. Ina madafi na toshe baki da gyale, dariya na cina. Na daina zuba ƙasari kwana biyu, ban ga ko akuya ɗaya ta yi fushi ta tafi ba, domin ƙasar ta riga ta yi daɗi. Na sa aka shimfiɗa tsohuwar tabarma a kan wurin aka danne da duwatsu, suka cinye tabarmar. Na ce to asarar ruwa kawai nake yi, na koma gidan jiya. Na yi niyyar gaya masa ya fi sau biyar, kunya ta hana.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, gari cike da baƙi. Tun azahar iska ta tsaya cik, zuwa la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Ni kuma ranar an yi mini jinkiri a wurin inji, ban wanke gero da wuri ba. Na fito baranda da bokitina ke nan sai na hango Alhaji Ladan da mai unguwa sun shigo fili, maigidan na biye da su da kayan ofis, saukarsa mota ke nan, yana tafe yana nuna musu waya da baki da hannu. Na duba ƙasa. Ramin ya koma rami, an rarake shi har gwiwa. Jakuna shida, awaki ba adadi, a tsakiyarsu kuma ga jan san Alhaji da turkensa yana ja a ƙasa, ya tumɓuke shi. Sandar jan ƙarfe ta fito tsirara, an lashe ta tana walƙiya. Alhaji ya kurma ihu ya yi kan san da sanda. Sa ya ɗago kai a firgice, ƙahonsa ya sarƙe waya, daidai lokacin kuma aka yi wata rugugi daga nesa. Waliyyu, ban taɓa sanin mai ƙiba yana gudu haka ba. Wayar ta riƙa ɓallewa daga bango, ɓas, ɓas, ɓas, tun daga ƙasa har ta iso gabana. Satalayit ya rusuna a gefena kamar mai gaida surukai, sannan noti ya tsinke. Sa ya fita ƙofa ya nufi kasuwa da wayar aradu tana binsa, jakuna suka watse, mai unguwa kuwa sai ganinsa aka yi a kan buhunan albasa, ba wanda ya ga hawansa.

Da ƙura ta lafa sai Alhaji ya taka bakin ramin ya durƙusa, ya ɗebi ƙasar ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe. Mutumin da ya shekara arba'in yana kiwo ba a ɓoye masa irin wannan. Ya miƙe ya kakkaɓe hannu ya ce, "Gishiri dai na san da shi. Amma wanga ƙamshi ƙasari na. Wa ka ba aradu ƙasari gidanga?" Sai na ga kawuna suna ɗagowa ɗaya bayan ɗaya, na masu jakuna, na mai unguwa, na Amos da ya fito da gudu ba takalmi, na ƙarshe na maigidan. Ga ni tsaye a hawa na uku, bokiti a hannu, farin ruwa na ɗiga daga gindinsa. Awakin da suka rage kuma suka gan ni suka fara kukansu na kullum, suka gama ba da shaida. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar ma ta yi mini nisa. Na ja gyale na rufe fuska, na ce da murya ni ce, a yi haƙuri. Wani daga cikin masu jakuna ya fashe da dariya har da faɗuwa. Alhaji bai yi dariya ba. Ya nuna gabas da sandarsa ya ce, "Alkawali munka yi, Malam. In waya na nan ku zamna. Waya ta tahi kassuwa. Ko rariya ta sauka yanzu, ko ku ku sauka gobe."

Baban Haidar bai sake dubana ba. Na san rantsuwarsa, na san taurin kansa, na kuma san yanzu yana da wanda zai ɗora wa laifi, da gaskiyarsa. Na shiga ɗaki na shimfiɗa zane na fara jera kwanonina, ina ɗaurewa ina hawaye, yara sun tsaya suna kallona. Na ji hawowarsa, na ji ya wuce ƙofar ɗaki bai shigo ba. Can sai na ji ƙarar sifana a baranda. Na leƙa ta taga, ga shi ya tuɓe babbar riga, daga shi sai singileti, yana kwance notin ƙafar satalayit da hannunsa, hannun nan da ya rantse a kansa. Amos na riƙe da ɗaya gefen yana duban sama, yana cewa hadarin da saura amma su yi sauri, in rugugi ta matso kowa ya saki ƙarfe ya shiga ciki. Aka jefo musu igiyoyin ɗaure buhu, masu jakuna suka tare a ƙasa, aka zuro abin a hankali yana juyawa har ya dire. Mai unguwa, da ya samu ya sauko daga kan albasa, ya ɗaga murya ya ce, "Malam, rantsuwa hwa?" Maigidan ya leƙa, gumi na zuba, ya ce, "Na sani, ranka shi daɗe. Mutum goma na, a ciyad da su." To ka san abin da hadarin nan ya yi bayan duk wannan? Ya yi iska ya kwashe wa mutane rumfunan kasuwa, ya watse. Ko ɗigo ɗaya bai sauka a Jega ba.

Bayan magariba na same shi zaune a falo gaban talabijin, ba komai a ciki sai yayyafi. Ranar bai tsaya hira a masallaci ba, na kuma san dalili. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na faɗi komai tun daga bokitin farko, har da jin da na yi yana maganar iskar tauraro ban hana shi ba. Na ce na jawo masa dariyar gari, na sa ya karya rantsuwa. Sannan ya ce bututu da murfi shi ya ƙi sawa, gishirin shanu shi ya sayo, rantsuwa kuma ba wanda ya matsa masa baki. Ya duba zanen kwanonin da na ɗaure ya ce in kwance. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In na sauka mota da marece na ɗaga kai, ke aza rariya nika diba? Shanyarki nika diba." Waliyyu, shekara goma sha ɗaya mutumin nan bai taɓa gaya mini magana irin wannan ba. Kukan da na yi a lokacin ya fi na ɗaurin kaya. Da ya ga abin zai yi yawa sai ya gyara murya ya ce kada in manta, rantsuwa tasa ce amma tuƙin tuwon kaffara nawa ne. Na tuƙa kuwa ranar Juma'a, mabuƙata goma suka ci suka ƙoshi, Alhaji Ladan da kansa ya aiko da albasar miya.

An kama san a bakin tasha, lafiyarsa ƙalau, amma wayar ta tsittsinke ba ta moruwa. Satalayit yana nan jingine a fili, kaji na shan inuwa a ƙarƙashinsa, maigidan kuma ya koma wa rediyonsa, bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Wannan shirun nasa shi ya fi damuna. Na aika Victoria ta sa Amos ya sake tuntuɓar Alhaji, Alhajin ya ce in an sayar da sa, kuma ya ga siminti da bututu da idonsa, zai duba. Saboda haka ga roƙona gare ka. Ka nemo mini wayar jan ƙarfe mai kaurin fensir, yadi ashirin, wadda ba ta da haɗi a tsakiya, domin Amos ya ce irin ta nan ba ta kai ba. Ka ba direban albasa mai dawowa ya kai wa Amos a hawa na biyu, kada ta biyo ta hannun maigidan, so nake sai an gama komai ya gani. Wannan karon Amos zai tsaya a kan aikin daga farko har ƙarshe, ruwan kuma fari zan zuba ko da mai garuwa zai daina gaishe ni.

Roƙo na biyu ya fi na farko. Na san wasan da ke tsakaninka da shi, na kuma san in ka zo Sallah bakinka zai yi ƙaiƙayi. Don Allah ka bar shi. Ya sha dariyar Sabon Gari ta ishe shi, har yau in ya wuce masu jakuna sai wani ya tambaye shi labarin iskar tauraro, shi kuma ya yi murmushi ya wuce. In tsokanar ce ke cinka, ga ni, ni na saya. Kuma in ka iso ka ga kaya a igiyar baranda kullum, kada ka ce yayarka ta zama sarkin wanki. Tun ranar nan ban bar la'asar ta same ni ba shanya ba, ko da wankakken zane ne sai in sake jiƙa shi in rataye.

Ka gaishe mini da Raihanatu da kyau, ka ce mata ta ƙara maka tuwo saboda Inna. Ka gaida Kawu Jibrilla in kun haɗu, da iyalinsa baki ɗaya. Gwaggo Hindu tana gaishe ku, ta ce a tuna maka man zafin da ka yi mata alkawari. Khairiyya da Haidar suna gaida Kawu. Allah Ya kai mu Sallah lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarka,
Safiya.